Sai Bango Ya Tsage: Makomar Tsoffin Gidajenmu Na Ƙasa

Ga cikakken jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan jarida ya gabatar a Sassumbrum, cikin gundumar Magarya, a gaban taron da ƴan asalin yankin suka kira lokacin hutun ɗalibai. Mun buga shi yadda aka faɗe shi, in ban da ƙananan kanun da muka sanya.



Masu martaba sarakunanmu da masu gari, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, ɗalibai da malaman lakwal, ina gaishe ku da gaisuwar girmamawa. Da waɗanda suka shirya wannan taro suka ce in zo in yi magana, sun bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. Na san da yawa daga cikinku sun zaci tunda aikina jarida ne, zan kawo muku labarin Yamai da na masu mulki. To, ku yi mini haƙuri. Yau maganar bango na zo da ita, da azara, da indararo. Amma in kun saurare ni har ƙarshe, za ku ga ba mu yi nisa da maganar mulki ba.

Ranar 3 ga Satumba 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin da ke unguwar Birni a Damagaram ya rushe. An gina shi a tsakiyar ƙarni na 19, ya ga zamanin Sarki Tanimu, ya ga shigowar Turawan Faransa a 1899, ya ga shekarun da Damagaram take babban birnin ƙasa har zuwa 1926, ya ga samun mulkin kai a 1960. Duk ya tsallake su. Damina guda ta kwantar da shi, mutane na tsaye da wayoyinsu suna ɗaukar hoto. Daminar ta 2024 kuwa ba wanda ya manta da ita: ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, har aka ɗage komawar yara lakwal zuwa ƙarshen watan Oktoba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Tun shekarar 2006 sunan Birnin Damagaram da fadar Sarki yake cikin jerin wuraren da gwamnatin Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO, wato jerin wuraren da ake fatan wata rana su shiga cikin kayan tarihin duniya. Shekara 18 ke nan tsakanin rubuta sunan da faɗuwar masallacin. Takardar tana nan lafiya lau, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

Shekara guda kafin wannan, ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufto a kan masallata lokacin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Wannan masallaci kuwa aikin Muhammadu Durugu ne, wanda aka fi sani da Babban Gwani, tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Duk wanda ya karanci ginin Hausa, a ko'ina yake a duniya, da wannan masallaci yake farawa. An ga tsagewar bangon kwana guda kafin abin ya faru.

To jama'a, idan masallacin Birni, da ke tsakiyar babban birnin jiha, kusa da fadar Sarki, sunansa kuma ya kai har Paris, bai tsira ba, ina ga tsohon zauren da ke cikin ƙauyukanmu na Magarya da Dungas, wanda sunansa ba ya cikin littafin kowa?

Zauren gidanmu

Bari in sauko gida, don kada a ce na zo ina auna gonar wani. A gidanmu akwai zaure da manya suka ce kakan mahaifina ya sa aka gina. Ginin tubali ne, bangon daga ƙasa ya kai kamu biyu, yana sirancewa zuwa sama. Rufin ɗaurin guga ne, bakan gizo biyu sun gitta juna, an kafa tasa a tsakiya inda suka haɗu. A bisa kusurwoyi akwai zankwaye, biyu sun saura, biyu ruwa ya cinye. Ina yaro, in zafin bazara ya tsananta, a nan muke kwana, don ko da tsakar rana cikinsa da sanyi kamar randa.

A cikin wannan zaure aka yi lissafin lanho shekara da shekaru. A cikinsa tsofaffi suke ba da labarin aikin tilas da aka soke a 1946, da labarin Nasaran da suka zo kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka bar mu a nan, suka bar danginmu na Zango da Ɓaure da Daura a can. A ƙofarsa aka tara buhunan gyaɗa a shekarun da gyaɗa take kuɗi, lokacin da SONARA, wadda aka kafa a 1962, take sayenta. An ɗaura aure a cikinsa, an raba gardamar gona, an sallaci gawa. Ba ni da wata takarda da ta rubuta waɗannan abubuwa. Zauren ne takardar.

Bara na shiga cikinsa na ɗaga kai, sai na hangi sama ta wata kafa. Bangon gabas ya tsage daga indararo har dakali, hannuna yana shiga. Awaki ne ke kwana ciki. Na tafi wani ofis a birni in tambayi yadda ake yi a sa gida irin wannan cikin jerin kayan tarihi. Aka karɓe ni da fara'a, aka ce in rubuto takardar buƙata da Faransanci, in haɗa da hotuna da tarihin ginin da shaidar mallaka. Na rubuta, na kai. Da na tambaya ko in an yarda akwai kuɗin gyara, sai ma'aikacin ya yi murmushi, ya ce in sha ruwa. Ban ga laifinsa ba, shi ma ba a ba shi ba. Amma a kan hanyata ta komowa na gane cewa na ɓata sati uku ina neman hatimi, alhali da na yi sati ukun nan ina kwaɓa ƙasa, da tsagar ta toshe.

Na tabbata a cikin wannan taro akwai mutum goma ko fiye da ke da irin wannan zaure, ko soro, ko tsohuwar makarantar allo, ko rumbun da kaka ya bari. Saboda haka abin da zan faɗa ya shafi kowa.

Abin da doka ta ce

Kada wani ya tashi daga nan ya ce ɗan jarida ya ce doka banza ce. Muna da doka, kuma mai kyau ce. Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar UNESCO ta 1972 tun shekarar 1974. Muna da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997, wadda ta shafi karewa da adana kayan tarihi da al'adun ƙasa. Ta tanadi a ƙidaya su, a rubuta su, a kuma hana a rushe ko a sauya wanda aka rubuta ba tare da izinin hukuma ba. A 2013 tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa mai tsawon mita 27, ya shiga jerin kayan tarihin duniya. Abin alfahari ne ga kowane ɗan Nijar.

Kuma kada a ce sai fadar birni ake rubutawa. A Najeriya, cikin jihar Bauci, akwai gari ana ce da shi Kafin Madaki. A nan Babban Gwani ya gina wa Madakin Bauci gida wajen shekarar 1860. Tun 1956, kafin ma Najeriya ta sami mulkin kai, aka sa wannan gida cikin jerin kayan tarihin ƙasa. Gidan ƙasa ne, a ƙaramin gari, irin tubalinmu, irin azararmu. Wannan ya nuna cewa babu abin da ya hana wani gida na yankin Magarya ko Dungas samun irin wannan daraja in an nema masa.

Sai dai mu ƴan boko da muka yi karatu da Faransanci muna da wata cuta da ya kamata mu faɗa da bakinmu. Tsarin rubuta gine-gine cikin jeri daga Faransa muka aro shi, inda suke da dokarsu tun 31 ga Disamba 1913. Can kuwa galibin abin da suke karewa ginin dutse ne. Ginin dutse in ka hana a rushe shi, ka yi rabin aiki, zai iya jiran ka shekara hamsin kafin ka samo kuɗin gyara. Ginin ƙasa ba ya jira. Ba sai wani ya zo da gatari ba, ƙyale shi kawai ya isa. Dokar da ta ce kada a taɓa, in ba a bi ta da hankali ba, tana iya zama sanadin mutuwar ginin da rayuwarsa ta dogara ga a taɓa shi kowace shekara. Mun aro riga ba mu auna ta da jikinmu ba.

Yadda ginin ƙasa yake mutuwa

Na zauna da tsofaffin magina na tambaye su, kuma in na yi kuskure akwai waɗanda suka fi ni sani a nan, sai su gyara mini. Ginin ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa: ta kai da ta ƙafa.

Ta kai, rufi ne. Rufin soro azara ce aka jera, aka shimfiɗa zana ko ƙirare, aka zuba ƙasa aka daɓe, aka karkata shi kaɗan don ruwa ya bi indararo ya zuba nesa da bango. In indararo ya toshe da ciyawa ko leda, ruwa ya kwanta a bisa. In ya kwanta, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, ruwan ya sami kan azara inda ta shiga bango, ya ruɓar da ita. Share indararo aikin yaro ɗaya ne na hantsi guda. Rashin yin sa ya kayar da soraye fiye da yadda iska ta kayar.

Ta ƙafa, gindin bango ne. A da kowane gida yana da dakali ko tudun ƙasa da ake ƙarawa a gindinsa, ruwan unguwa kuma yana da hanyarsa zuwa kududdufi, wato ramin da aka haƙi ƙasar ginin tun farko. Yau mun cike kududdufai mun yi filaye mun sayar. An ɗaga hanyoyi sun fi gidaje tudu. Ruwan da ya rasa wurin zuwa sai ya tsaya a gindin bango, bangon ya yi ta tsotsa, ya zaizaye daga ƙasa, har ranar da nauyin sama ya fi ƙarfin abin da ya saura.

Akwai kuma mutuwa ta uku, wadda mu da kanmu muke saya da kuɗinmu, da kyakkyawar niyya: yaɓen siminti. Ɗanmu ya dawo daga ci-rani da ɗan abin hannunsa, yana son ya kyautata wa gidan ubansa, sai ya sa a shafe bangon ƙasa da siminti. Shekarar farko kowa ya yaba. Amma ƙasa tana shan laima tana fitarwa, tana kumbura tana motsewa, siminti kuwa ba ya yi. Ba a daɗe ba sai ya tsattsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita, ya yi ta narkar da bango a ɓoye. Daga waje gida tsaf, daga ciki taɓo. Ran da ɓawon simintin ya ɓallo, sai a tarar rabin bangon ya tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan mu ne muka rufe wa ƙadangaren ƙofa yana ciki.

Magabatanmu suna da nasu maganin ruwa. Akwai makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwan. Akwai laso, da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara, a shafe rufi da bangon da ruwa ya fi duka. Ku dubi wannan jeri da kyau. Kafin magini ya sami laso, sai marini yana rini, sai majemi yana jima. Kafin ya sami makuba, sai ɗorawa tana tsaye a gona. Kafin ya sami azarar da gara ba ta ci, sai an sami giginyar da ta yi shekaru masu yawa, kuma yanzu sai an yi tafiya mai nisa ake samun irinta. Ashe soro ɗaya yana tsaye ne a kan sana'o'i huɗu ko biyar da itatuwa iri uku. Ran da marina ta mutu a gari, ran nan rufin fada ya fara yoyo, ko da ba wanda ya lura.

Babbar asara kuma ita ce ta hannu. Ina roƙon kowa ya ƙirga a zuciyarsa: magina nawa ya sani a yankin nan da za su iya tayar da bakan gizo daga tushe har su haɗe shi a sama? Shekarunsu nawa? Ƴaƴansu nawa suka koya? Bango in ya faɗi ana iya tayar da shi muddin mai iyawa yana raye. In mai iyawa ya rasu bai koya wa kowa ba, ko an kawo miliyoyi daga UNESCO, sai dai a gina wani abu mai kama da shi.

Gidan kowa, gidan ba kowa

Akwai wata matsala da muke jin nauyin faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ita ce maganar gado. Wanda ya gina zaurenmu mutum ɗaya ne. Yau masu haƙƙi a cikinsa sun fi hamsin. Wasu suna Kano, wasu Yamai, wasu Agadas, wasu sun ƙetare hamada. Wanda ke zaune a gidan yana cewa: don me zan kashe kuɗina a kan abin da gobe za a zo a ce a raba? Wanda ke nesa yana cewa: ai akwai masu zama a ciki. Wanda ya yi yunƙurin gyara kuma sai a fara raɗa cewa so yake ya mallake. Haka ake kallon juna har damina ta raba gardama.

A nan nake roƙon malamanmu su taimaka. Shari'a ta san hubusi, wato waƙafi: magada su yarda su tsayar da wani abu, ba a sayarwa, ba a rabawa, amfaninsa na jama'a ne. Abin da ake yi wa rijiya da masallaci, me zai hana a yi wa zaure guda, a bar sauran gida a raba yadda Allah ya ce? In an yi haka a gaban sarki da alƙali, aka rubuta, aka naɗa mutum ɗaya mai kula, wanda ya kawo gudummawa ba zai ji tsoron zargi ba.

Na san abin da wasu ke cewa a zuci

Wani zai ce: malam ɗan jarida, kai kana kwana a ɗakin siminti a birni, ka zo kana yi mana waƙar ginin ƙasa. Mu ne muke tashi da tsakar dare in hadari ya haɗo, muna fitar da yara don tsoron rufi. Gaskiya ne, kuma ba zan musa ba. Yawancin gidajen da suka kashe mutane a 2024 na ƙasa ne. Duk wanda Allah ya hore masa ya yi wa iyalinsa rufin kwano, ya yi, ba wanda ya isa ya zarge shi. Ban zo in ce kowa ya koma soro ba. Abin da nake cewa shi ne, a cikin ɗaruruwan gine-ginen gari akwai biyu ko uku da suka fi sauran tsufa da kyau da tarihi, su ne nake roƙo a kansu. Kuma tsohon ginin da aka bari ba gyara shi ne ya fi kowane haɗari, don yara a gindinsa suke wasa. Ko mu gyara shi ko mu sauke shi da hannunmu. Barin sa a tsaye yana ruɓewa shi ne zaɓin da ya fi muni, kuma shi muka ɗauka.

Wani kuma zai ce: ana fama da hatsi da magani da kuɗin taki, wa ke ta zaure? Shi ma yana da hujja. Amsata ita ce gyaran shekara-shekara ba ya cin kuɗi mai yawa. Ƙasa ce, da ciyawa, da ruwa, da hannu, da tuwon masu aiki. Abin da ke cin kuɗi shi ne tayar da abin da ya riga ya faɗi. Kuma ba zan yaudare ku da cewa ƴan yawon buɗe ido za su cika Sassumbrum su zubar da kuɗi ba. Ba za su zo ba, a halin da ake ciki ko Agadas ba su cika zuwa ba. In mun gyara, don kanmu za mu gyara, don yaron da ke karanta tarihin Faransa a lakwal ya sami wurin da zai shiga ya ga cewa kakansa ma ya san lissafin nauyi da ma'auni, ya rufe ɗaki mai faɗi ba ƙarfe ba ƙusa.

Waɗanda suka yi, yaya suka yi?

Misalan da zan kawo duk na ƙasa ne irin tamu. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu yana cikin jerin UNESCO tun 1988, amma abin da ke riƙe da shi shi ne yaɓen da dukan gari ke fitowa su yi kowace shekara, maza na ɗaukar ƙasa, mata na kawo ruwa, magina na bisa suna shafawa.

A nan gida, a Yama cikin jihar Tawa, mutanen ƙauye ne suka tashi a 1962 suka gina masallacin Juma'a, magininsu Falke Barmu yana gaba, kowane gida ya kawo abin da ya iya. Suka yi ta ƙara masa gyara da hasumiyoyi har 1982. A 1986 ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masana na duniya ke nema. Ba su fara da neman kyauta ba, aikinsu ne ya jawo ta.

A Dandaji kuma, duk cikin jihar Tawa, tsohon masallacin gari ya lalace har ana maganar rushe shi. Ƴar ƙasarmu mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka gyara shi da taimakon magina na gargajiya, aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji. An gama a 2018. Darasin Dandaji shi ne wanda na fi so ku tafi da shi: ginin ya tsira ne saboda an ba shi aiki. Ɗakin da ake shiga kullum, in ya fara yoyo, ran nan za a gani. Ɗakin da aka kulle aka rataya masa allon tarihi, sai ya faɗi ake jin labari. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da nake roƙo

Ba na son in tashi ban bar wani abu da za a iya farawa gobe ba. Ga roƙona, kashi biyar.

Na farko, ga ɗalibai. Kuna da hutu, kuna da wayoyi masu ɗaukar hoto. Ku rarrabu ƙauye-ƙauye, ku rubuta kowane tsohon gini: wa ya gina, a zamanin wane sarki, me aka yi a ciki, ina ya tsage. Ku ɗauki muryar tsofaffi da Hausa. Ku yi kofi uku, ɗaya a fada, ɗaya a ofishin komin, ɗaya a lakwal. Kada mu jira a aiko mana da masu ƙidaya daga Yamai.

Na biyu, ga sarakunanmu. Ku ne iyayen ƙasa, kuma sarautar Sarkin Magina tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Inda ta mutu a raya ta, inda take a ba ta aiki. A sa rana guda kowace shekara, bayan an gama sussuka, tun kafin hadarin farko, a yi gayyar yaɓe da share indararo a gine-ginen da aka zaɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku, ga hukumar komin. Ba mu ce ku kawo miliyoyi ba. Ku hana cike sauran kududdufai, ku duba inda ruwa ke bi kafin a ɗaga hanya, kuma in za a gina ɗakin taro ko ɗakin karatu, ku fara tambaya ko akwai tsohon ginin da zai iya wannan aiki.

Na huɗu, ga ƴan uwanmu masu hali da ke birane da ƙasashen waje. In za ku aiko da kuɗin gyaran tsohon gini, kada ku aiko da buhun siminti. Ku biya tsohon magini lada mai kyau, da sharaɗin ya ɗauki yara biyu su yi aikin tare da shi daga farko har ƙarshe. Matasa ba su guji sana'ar don ƙyama ba, sun guje ta don ba ta ciyar da su.

Na biyar, ga gwamnati, kuma wannan zan maimaita shi a jarida. Dokar 1997 tana nan, a ba ta kuɗin aiki, ko kaɗan ne, amma ya zo a kan lokaci. Kuɗin gyaran ginin ƙasa in ya iso a watan Agusta, ya zama kuɗin ta'aziyya. A watan Fabrairu da Maris ake bukatarsa. Kuma a sauƙaƙa hanyar rubuta gini, yadda mai gari da bai yi lakwal ba zai iya nema da harshensa.

Ni kuma, tunda na tona asirin gidanmu a bainar jama'a, ba ni da sauran mafaka. Na yi magana da baffannina, sun yarda mu zauna a kan zancen hubusi. Mun sami tsohon maginin da ya ce zai duba tsagar, in azara ta yi saura zai ɗaure ta. In Allah ya kai mu rani, ina gayyatar ku yaɓe, kuma tuwo a wuyana yake. Wanda ya zo ya tarar ban yi ba, ya rubuto wa jaridarmu, na yi alkawari za a buga.

 Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure daga gare ni ne, manya su yafe wa ɗansu. Allah ya ba mu damina mai albarka wadda ba ta ɓarna, ya jiƙan waɗanda suka gina mana, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.